Alkawarin Shugaban Talla da Hakkin 'Yan Gida

Kowa ya san 'yar talla. Ta kan ɗauko faifan ƙosai da sassafe, ta bi unguwa tana kira. Ba ita ta jiƙa waken ba, ba ita ta niƙa ba, ba ita ta toya ba. Uwarta na can cikin gida a bakin murhu. To, in wani magidanci ya tsai da ita ya ce, "'Yata, gobe ina da baƙi, ki kawo mini na mutum ashirin kafin rana ta fito," ita kuwa ta ce, "To, Baba," alkawarin nan ya hau kan uwar, wadda ba ta ji ba, ba ta gani ba. In aka tarar wake ya ƙare a gida, ko ruwa ya jiƙa itace, yarinya ta zama maƙaryaciya, uwa ta yi hasarar mai saye, magidanci kuma ya ji kunyar baƙinsa.

Haka al'amarin ya ke a manyan kamfanonin duniya, sai dai can abin ya fi girma. Kamfanin da ke ƙera motoci, ko saƙa yadi, ko yin sabulu, a kan raba aikinsa sashe-sashe. Akwai masu zana fasalin kaya, akwai ma'aikata masu yin kayan da hannunsu, akwai ma'aji da akawunansa masu riƙe da kuɗi, akwai masu tsaron sito, akwai masu kai kaya garuruwa, akwai kuma dillalai waɗanda su ke ido da ido da mai saye. Kowane sashe da shugabansa. Sa'an nan akwai shugaban talla. Aikinsa ya san abin da mutane ke bukata, ya ba da shawarar irin kayan da za a yi da kuɗin da za a sa musu, kana ya yi shela a jarida da rediyo da sauran hanyoyi har mutane su zo saye. Shi ne bakin kamfani a waje. Amma in ya juyo cikin gida, ba shi da iko a kan kowa sai 'yan ofishinsa. Ba shi ke biyan maƙera albashi ba, ba ya iya korar ma'aji, ba ya iya ba mai sito umurni. Duk tsaransa ne, waɗansu ma sun riga shi shiga aikin.

Ga tambayar da ta cancanci a tsaya a kanta. Mutumin da ke ɗaukar alkawari da bakinsa, alhali hannun waɗansu ne zai cika, wane hakki ne waɗannan su ke da shi a kansa? Kuma tun da ba shi da sanda, da me ya halatta ya ja su?

Akwai wani abu da ya faru a Amurka wanda zai taimaki mai karatu ya ga nauyin maganar. Kamfanin Ford, wanda Henry Ford ya kafa a 1903, yana ɗaya daga cikin manyan masu ƙera motoci na duniya. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu shugabanninsa suka lura cewa mutum ya kan fara da motarsu mai sauƙin kuɗi, amma in ya sami wadata sai ya koma sayen motar wani kamfani, musamman General Motors, domin can ne a ke da motoci masu matsakaicin tsada iri-iri. Saboda haka suka ƙulla niyyar yin sabuwar mota, suka kafa mata sashe na musamman a ƙarƙashin wani mutum mai suna Richard Krafve. Aka tara sunaye dubbai domin a zaɓi wanda zai yi wa mutane daɗin ji, amma daga baya aka ajiye su duka, aka sa mata Edsel, watau sunan ɗan Henry Ford wanda ya rasu a 1943.

Masu talla suka yi aikinsu da ƙwazo ƙwarai. Wata da watanni suna buga shela, suna nuna motar a lulluɓe, ba a bari kowa ya gan ta, ana ce wa jama'a abin da ke tafe ba su taɓa ganin irinsa ba. Dillalai fiye da dubu ɗaya suka yarda za su sayar da ita, waɗansunsu har suka bar motocin da su ke sayarwa da can, suka zuba dukiyarsu a kan sabuwar. Aka yi lissafin za a sayar da guda 200,000 a shekarar farko. Ran 4 ga Satumba 1957 aka buɗe lulluɓi. Mutane suka yi cincirindo wajen kallo, amma kaɗan suka saya. A watan Janairu 1958 aka haɗe sashen Edsel da na Mercury da Lincoln. Ran 19 ga Nuwamba 1959 kamfanin ya ba da sanarwa ya daina yin ta. Duk abin da aka ƙera tun daga farko har ƙarshe bai kai 120,000 ba, hasarar kuwa ba ta kasa dala miliyan 250 ba.

Dalilan faɗuwar nan suna da yawa, ba daidai ba ne a ɗora su a kan mutum ɗaya. A ƙarshen 1957 kasuwa ta yi sanyi a Amurka, kuɗi suka yi wuya. Mutane kuma suka fara karkata ga ƙananan motoci masu shan mai kaɗan. Fasalin gaban motar bai yi wa mutane da yawa kyau ba, kuɗinta kuma ya shiga cikin na Mercury, wadda ita ma ta kamfanin ce. Amma akwai dalilai biyu da suka taso daga cikin gida, su ne su ka shafi wannan magana.

Na farko, yawancin motocin Edsel a ma'aikatun Ford da Mercury a ke haɗa su. Ma'aikatan nan suna da nasu aikin na kullum, a kansa a ke auna su, a kansa a ke yaba wa shugabanninsu. Sai aka ƙara musu wata mota daban, mai nata kayan haɗi daban, ba a rage musu komai ba. Ga su, Edsel baƙuwa ce da ta zo ta tsai da su. Saboda haka motocin farko da yawa suka isa hannun dillalai da aibu a jikinsu, sai da makanikai suka gyara. Mutumin da aka shekara ana gaya masa abin mamaki na tafe, in ya zo ya tarar ƙofa ba ta rufuwa sosai, ba zai koma gida ya yi shiru ba.

Na biyu, cikin manyan kamfanin akwai waɗanda tun farko ba su gamsu da motar ba. Babbansu shi ne Robert McNamara, wanda daga baya ya zama shugaban kamfanin a 1960, ya kuma zama ministan tsaron Amurka a 1961. Shi ra'ayinsa mota ƙarama mai sauƙin kuɗi ita mutane ke so. Wannan ra'ayi ne ya haifi motar da a ke kira Falcon, wadda ta fito a ƙarshen 1959, aka sayar da fiye da 400,000 a shekararta ta farko. Ashe ganga na ta zaƙi a waje, a cikin gida kuwa ba a gama shirin rawa ba.

Yanzu sai a dubi wani misali na kusa. A ƙarni na 19 fatake su kan tashi daga Kano da sauran garuruwan Hausa zuwa Gwanja, su sayo goro a kasuwar Salaga, wadda ke cikin ƙasar Ghana ta yau. Su kan tafi da tufafi da kanwa da kayan fata a kan jakuna, su ƙetare Kwara, su ratsa Bargu, tafiya da dawowa ta kan ci wata da yawa. Shugaban ayari shi ne madugu. Amma kayan da ke cikin ayarin ba nasa ba ne, kowane falke da dukiyarsa da bayinsa ko barorinsa. Madugu ba sarki ba ne, ba shi da dogarai. Falken da bai yarda da shi ba, in shekara ta kewayo sai ya bi wani. Duk da haka shi ke magana da sarakunan hanya a madadin kowa, shi ke daidaita abin da za a biya na fito da gaisuwa. Yana da jagaba mai wucewa gaba ya dubo hanya da zango, yana da uban dawaki mai tattara rabon kowa, yana da malamin ayari mai riƙe da lissafi. In madugu ya yi wa wani sarki alkawarin abin da fatake ba za su iya biya ba, ko ya sa ranar tashi bai tambayi jagaba halin rafi ba, ayari ya shiga uku. Ikonsa duka a kan abu ɗaya ya tsaya, watau mutane sun jarraba maganarsa sun ga ba ta tashi. Shugaban talla madugu ne cikin kamfani, ko ya sani ko bai sani ba.

Daga misalan nan biyu hakki na farko ya bayyana. Masu iya magana sun ce alkawari kaya ne. To, ba ya halatta mutum ya ɗaura kaya ya aza wa wani a ka ba da saninsa ba. Kafin shugaban talla ya gaya wa duniya rana kaza kaya za su fito, ko za su yi kyau kaza, ko kuɗinsu kaza ne, wajibi ne waɗanda za su cika maganar su riga jama'a ji. Ba ladabi kaɗai ke nan ba. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Maƙeri ya san injin da ke yawan tsayawa, ma'aji ya san bashin da ke kan kamfani, mai sito ya san kayan da su ka daɗe ba su motsa ba. Wanda ya yi shela bai tambaye su ba, ya yi magana a kan abin da bai sani ba, ko da kuwa zuciyarsa fari fat ce. In ma'aikaci ya fara jin alkawarin kamfaninsa daga rediyo, an mai da shi jaki, ba abokin tafiya ba.

Hakki na biyu ya fi wannan ɓoyuwa. Kowane shugaban sashe akwai ma'aunin da a ke auna shi da shi. Na ma'aikata, yawan kayan da suka fita ba aibu. Na ma'aji, kada a kashe fiye da abin da aka tsara. Na dillali, abin da ya sayar a wannan wata. Sau da yawa in ɗayansu ya ƙi abin da shugaban talla ke so, ba ƙiyayya ba ce, ba kuwa lalaci ba, amanar da aka ba shi ya ke tsarewa. Ma'ajin da ya ce babu kuɗin shela, aikin da aka ɗauke shi dominsa ya ke yi. Saboda haka wanda ke neman taimakon wani sashe, ya kamata ya fara tambayar kansa, in sun yi mini wannan, me zai same su? In zai rage musu yabo a gaban manya, ko ya ƙara musu wahala ba lada, to, sai ya tafi tare da su wurin babban shugaba a gyara ma'aunin, ko a ƙara musu hannu. Abin da ba a yi wa ma'aikatun Ford da Mercury ke nan ba. Roƙon mutum ya cuci kansa domin wani ya sami suna zalunci ne, ko da an yi shi da murmushi.

Hakki na uku shi ne na mai musu. Ɗan Adam ya fi son zama da masu ce masa madalla. Shugaban talla kuwa ya fi kowa shiga wannan hatsari, gama sana'arsa ita ce yabon kaya, har ya kan kai ya gaskata yabon da shi da kansa ya tsara. Wanda ya saɓa masa a cikin gida sai ya ɗauke shi magabci, ya riƙa kewaye shi. Amma labarin Falcon ya nuna mai musu na iya zama shi ne ya ji abin da kasuwa ke faɗa. Gara a ji maganar mai zafi a cikin zaure, tun ana iya gyara, da a ji ta a bakin kasuwa bayan dukiya ta tafi.

A nan mai hankali zai iya cewa, in sai an tambayi kowa, yaushe za a yi aiki? Kasuwa ba ta jiran mai nawa. Kafin a gama taro bakwai, wani kamfani ya riga ya fitar da nasa. Kuma in aka ce sai kowa ya yarda, maƙeri zai rage wannan, ma'aji ya rage wancan, har abin da zai fito ya zama ba shi da ɗanɗano, kamar miyar da kowa ya sa wa hannu. Wannan magana tana da ƙarfi, ba a ture ta. Amsarta ita ce shawara daban, izini daban. Madugu ya kan saurari kowa, amma ba ya barin ayari ya kwana uku a zango domin falke ɗaya bai gama gardama ba. Abin da ya kamata tun farkon aiki a bayyana wa kowa, wane ne zai yanke magana a kan fasali, wane ne a kan kuɗi, wane ne a kan rana, da kuma ranar da za a rufe shawara. Wanda aka saurare shi ba a bi ra'ayinsa ba, hakkinsa ne a koma a gaya masa dalili. Mutane da yawa su kan jure a ƙi maganarsu, abin da ba su jurewa shi ne a yi kamar ba su yi ta ba.

Sai tambaya ta biyu, da me ya halatta a ja mutane? Wanda ba shi da sanda, harshe ne makaminsa, harshe kuwa yana da kaifi biyu. Babu laifi shugaban talla ya yi wa kowa magana da abin da ya dame shi, ya nuna wa ma'aji riba, ya nuna wa maƙeri yadda aikinsa zai yi suna, ya nuna wa dillali yawan masu saye. Wannan lallashi ne, hikima ce. Yaudara ta kan fara ne sa'ad da maganganun su ka saɓa wa juna, ya ce wa ma'aji abin ba zai ci kuɗi ba, ya ce wa maƙeri za a ba shi duk abin da ya nema, ya ce wa babban shugaba kowa ya yarda alhali ba a tambayi kowa ba. Akwai ma'auni mai sauƙi da zai gwada kansa da shi. In aka tara mutanen nan duka a ɗaki ɗaya, aka ce kowa ya maimaita abin da aka gaya masa, zai iya zama ya saurara bai sunkuyar da kai ba? In zai iya, lallashi ya yi. In ba zai iya ba, ya sani ramin ƙarya ƙurarre ne, a cikin gida kuwa ya fi ƙurewa, domin gobe ma da mutanen nan zai yi aiki.

Haka kuma wajen rabon yabo da zargi. Shi ke tsaye a gaban jama'a, shi manya ke gani ranar da kaya su ka karɓu, saboda haka yabo ya kan zo hannunsa tun bai nema ba. In ya riƙe shi duka, ya ci hakkin waɗanda su ka kwana a bakin inji. Ranar da abu ya ɓaci kuwa, hanya mafi sauƙi ita ce ya ce, ni na kawo masu saye, su ne ba su yi kaya mai kyau ba. Wataƙila gaskiya ne, amma rabin gaskiya, gama shi ya sa ranar, shi ya kambama abin. Wanda ya raba yabo ya kuma ɗauki rabonsa na zargi, in ya dawo neman taimako zai tarar da ƙofa a buɗe.

Duk da haka zaman lafiya da 'yan gida yana da iyaka, kuma a nan ne aikin ya fi wuya. A teburin shawara kowane sashe yana da mai yi masa magana, sai mutum ɗaya, watau mai saye. Shi ba ya nan, kuɗinsa ne kaɗai ke zuwa. Shugaban talla shi ne wakilinsa. In maƙera suka ce a fitar da kaya da aibunsu ba wanda zai lura, ko ma'aji ya ce a rage awo a bar kuɗi yadda ya ke ba a faɗa wa kowa ba, to, ba wurin lallashi ba ne. Wajibi ne ya ƙi, ko da abokansa za su yi fushi, ko da zai jinkirta ranar da shi da kansa ya sa. Dillalan da su ka zuba dukiyarsu a kan Edsel, da mutanen da su ka saye ta bisa ga shela, ba su halarci taro ko ɗaya ba, amma su ma sun ɗauki hasara. Haɗa kai da 'yan gida a cuci na waje ba zumunci ba ne. Amana biyu ke wuyansa, ta masu yi da ta mai saye, ba kuwa a biyan ɗaya da dukiyar ɗaya.

Kada mai karatu ya zaci maganar nan ta manyan kamfanoni ce kaɗai. Duk inda mutane su ka haɗu a kan sana'a, wani na yi wani na sayarwa, tana nan. Sakataren jam'iyyar gama kai da ya yi wa ɗan kasuwa alkawarin buhu ɗari na gyaɗa bai zagaya rumbunan manoma ba, da babban tela da ya karɓi ɗinkin salla fiye da ƙarfin yaransa, da mai gidan da ya ce wa baƙon falke kayansa za su sayu kafin Jumma'a bai tambayi dillali ba, duk jirgi ɗaya ya ɗauko su. Ita ma 'yar talla, in ta yi wayo, ba ta amsa wa magidanci nan take. Ta kan ce, "Baba, bari in tambayo Inna." Ta koma gida, a duba wake, a duba mai, a duba itace, kana ta dawo da amsa. Ta yi jinkirin ɗan lokaci kaɗan, amma gobe in ta ce to, unguwa duka ta san ƙosai zai zo.